Mita da Isnadi: Ƙirƙirarriyar Basira a Rumfar Mai Gyara

Shirinmu na yau na masu sana'ar wuta ne: masu ja wa gidaje wayar lantarki, da masu gyaran rediyo da talabijin da salula, da masu naɗin injin fanka da na ban ruwa, da samarin nan da ke hawa rufin kwano da tsakar rana suna kafa faifan sola. Waɗannan bayin Allah ba a cika tuna su ba sai ranar da firji ya ƙi sanyi a tsakiyar watan Afrilu, ko ranar da wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ta ƙone abin da ta ƙone, sa'an nan kowa ya tashi neman lambar mai gyara kamar mai neman ungozoma da tsakar dare.

Kafin mu shiga mas'alar, ya kamata mu tuna ko mu su wane ne, domin wanda ya san sau nawa ƙasa ta motsa a ƙarƙashin kakanninsa ba ya firgita da kowace girgiza. Zangon Wagadugu, wanda Mosawa suka kira Zangwetin, wato mazaunin Hausawa, fatake ne suka kafa shi, mutanen da ke ratsa ƙasar Mosi tsakanin ƙasar Hausa da kasuwannin goro na Gwanja, suna sauke jakuna, suna yin salla, suna kwana, har kwana ya zama zama. Jakin ya wuce, mota ta zo, jirgin ƙasa ya iso daga Abijan a 1954, kuma a kowane juyi an sami ɗan Zango da ya koyi sabon abu ya ci abinci da shi. Har ita unguwar kanta ba ta tsira ba, gama a 2003 aka rushe ta tare da maƙwabtanta a ƙarƙashin shirin nan na ZACA na sake fasalin tsakiyar birni, aka tayar da mutum fiye da dubu 12, wasu suka koma wajen Waga 2000, wasu Niyoko. A wannan shekara kuma gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, wadda ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Duk wanda ya ga wannan da idonsa ya san cewa rumfa tana iya tashi dare ɗaya, amma abin da ke cikin hannun mai rumfa da shi yake tafiya duk inda ya nufa. To, tambayar da ke gabanmu yau ita ce, shin wannan sabon abu da ya zo, wato ƙirƙirarriyar basira, yana iya kaiwa har ga abin da ke cikin hannun?

Dattawan sana'a da ke saurarenmu za su tuna zamanin rediyo mai kwalba, wanda sai ya yi zafi kafin ya yi magana. Aka ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, ta bazu cikin duniya, aka ce masu gyaran kwalba sun gama yawo. Suka koyi taransista. Kaset ya zo ya wuce, talabijin mai ƙeya ya ba wa mai faɗi wuri, salula ta cika aljihun kowa, har aka wayi gari yaron da ke zaune a Zabre Daga da tabarau mai ƙara girma yana liƙa abin da bai kai ƙwayar gero ba. Sai dai duk waɗannan sauye-sauye a kan kayan da ake gyarawa suka faɗa. Wannan na yanzu kuwa, a kan tunanin mai gyaran ya faɗa, kuma nan ne bambancin yake.

Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ba aljani ba ne, ba kuma hankali ba ne irin wanda Allah Maɗaukaki ya keɓanci ɗan Adam da shi. Lissafi ne. Kalmar da Turawa ke amfani da ita ga jerin matakan lissafi da kwamfuta ke bi ma, daga sunan Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi aka samo ta, malamin da ya zauna a Bagadaza a zamanin halifa Ma'amun, sai dai wannan zance ne na wata rana. Sunan fannin an raɗa shi ne don wani taron masana da aka yi a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956, amma bai shigo bakin talakawa ba sai bayan watan Nuwamba na 2022, lokacin da aka saki ChatGPT, na'urar da ake rubuta wa tambaya ta mayar da jawabi kamar mutum. Yadda take aiki kuwa shi ne, an ɗura mata rubuce-rubuce masu yawan da babu mahaluƙin da zai iya karance su ko da an ba shi shekarun Annabi Nuhu, ta auna wace kalma ce ta saba bin wace, wane bayani ne ya saba raka wace tambaya, sa'an nan in ka tambaye ta sai ta jero abin da ya fi kama da amsa. Sau da yawa abin da ya fi kama da amsa shi ne amsar. Wani lokaci kuwa kama ce kawai, kamar yadda gwal ɗin bogi ya fi na gaske ƙyalli.

Ba yau aka fara kwaɗayin zuba ilimin mai gyara cikin na'ura ba. A farkon shekarun 1980, kamfanin General Electric na Amurka yana da wani dattijon injiniya wanda ya shafe shekaru kusan arba'in yana gyaran kawunan jiragen ƙasa masu aiki da gas da lantarki, har ya zama in kan jirgi ya gagari kowa sai a aika a ɗauko shi. Da lokacin ajiye aikinsa ya gabato, hankalin kamfanin ya tashi, suka zaunar da shi watanni suna yi masa tambayoyi, in ka ga kaza me kake dubawa, in ka iske kaza ina kake nufa, har suka tara ɗaruruwan ƙa'idoji suka zuba cikin kwamfuta, domin ƙaramin ma'aikaci a tasha mai nisa ya riƙa amsa tambayoyin na'ura har ta kai shi ga inda cutar take. Abin lura a wannan ƙissa shi ne, abin da suka iya ɗauka daga dattijon shi ne abin da ya iya faɗa da baki. Abin da kunnensa ke ji a ƙarar inji, da abin da hancinsa ke shaƙa kafin hayaƙi ya bayyana, wannan da shi ya tafi gida.

A manyan masana'antu aikin ya riga ya yi nisa. Kyamarori ne ke duba liƙin dalma a kan allunan na'ura suna ware mai aibi, aikin da a dā idon ma'aikata ke yi. A 2021 masu bincike na Google suka bayyana cewa sun koya wa na'ura tsara shimfiɗar cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamfanonin wuta a ƙasashe da dama kuma suna dasa ma'aunai a jikin taransifoma da injuna, na'ura tana bin zafinsu da rawar jikinsu tana faɗin wanda ya kusa lalacewa tun bai lalace ba. Mu ma a nan, da tashar sola ta Zagtuli mai ƙarfin megawat 33 da aka buɗe a watan Nuwamba na 2017, da layin da ya taso daga Bolgatanga ta Gana a 2018, da wanda ya zo daga Kodebuwa ta Bobo, da madatsun Bagre da Kompiyenga, tsarin wutar kamfanin Sonabel ya zama tukunya mai wuta da yawa a ƙarƙashinta, kuma daidaita irin wannan aiki ne da lissafin na'ura ke da amfani a cikinsa. Wanda aikinsa karanta lamba ne da rubuta ta a takarda, shi ne ya fi kusa da bakin rami, kuma mun riga mun ga alamar haka tun ranar da mitar Cash Power ta shiga gidaje, mutum ya sayi wutarsa ta salula ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Amma mu komo rumfa, inda mafi yawan masu saurarenmu suke. Adalci ya wajabta mu faɗi alherin wannan na'ura, gama tana da shi. Sau nawa aka kawo maka inbata ko cajar batir wadda takardarta da Sinanci ko Ingilishi aka rubuta, ta nuna wata lamba a fuskarta, ka rasa mai fassara? Yau kana iya ɗaukar hoton takardar, na'ura ta juya maka ita zuwa Faransanci cikin ƙiftawar ido. Sau nawa wani ƙaramin ƙarfe mai ƙafa uku ya ƙone, babu irinsa a kasuwa, ka kwana uku kana cigiyar wanda zai maye gurbinsa? Yau kana iya tambaya a ba ka sunaye biyu ko uku ka je ka gwada. Mai kafa sola da lissafi ke ba shi wahala yana iya cewa ga fanka mai wat 60 da za ta yi awa takwas, ga fitilu, ga talabijin, a lissafa masa faifai nawa da batir nawa, a kuma rubuta masa takardar kimar aiki mai tsabta da zai miƙa wa mai gida ba tare da jin kunya ba. Wanda ya ƙi wannan don girman kai, ya yi kama da bafataken da ya ƙi mota don yana da jaki.

Sai dai akwai wani abu da malamanmu na hadisi suka koya mana wanda ya dace da wannan wuri ƙwarai. Su ba su karɓar magana don daɗinta ko don fasahar mai faɗinta. Sai sun tambaya, wa ya gaya maka, shi kuma daga wa ya ji, har silsilar ta kai tushe, sa'an nan su auna kowane mai ruwaya, ko mai gaskiya ne, ko mai kiyayewa ne, ko mai yawan mantuwa ne. Wannan shi ne isnadi. To, ita wannan na'ura mai ruwaya ce wadda ta ji daga kowa, sahihi da mai rauni da ƙagagge duk ta haɗa a tulu ɗaya, kuma in ta tashi magana, da murya ɗaya take faɗin abin da ta tabbatar da abin da ta ƙaga, ba ta in'ina, ba ta sunkuyar da kai. Ɗan Adam in zai yi ƙarya sau da yawa idonsa na tona shi. Ita kuwa ba ta da idon.

Bari in kawo misali ɗaya wanda duk mai ja wa gida waya zai gane nauyinsa. A tsarin Faransa, wanda muke bi a nan, shuɗiyar waya ita ce marar wuta, mai kore da rawaya ita ce ta ƙasa, mai wuta kuwa ja ce ko ruwan ƙasa ko baƙa. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yanzu ake iske shi a gidajen Kumasi da Kano, ja ce mai wuta, baƙa ce marar wuta. A Amurka kuma baƙar ita ce mai kisa, fara ce marar wuta, kuma wutar gidajensu bolt 120 ce, alhali tamu 220. Ga baƙar waya guda ɗaya, tsari uku, hukunci biyu. Mafi yawan rubutun da aka ɗura wa na'urar nan da Ingilishi yake, kaso mai yawa kuma daga Amurka. Saboda haka yaron da ya tambaye ta bai gaya mata a wace ƙasa yake tsaye ba, tana iya ba shi fatawar wani gari, shi kuwa ya kai hannu. Ɗan Zango ya fi kowa sanin wannan haɗari, gama kayan da ke shigowa rumfarsa daga ko'ina suke: wannan tsohon firji daga Turai ta tashar Lome, wancan injin daga Tema, wannan kuma wani alhaji ne ya riƙo shi daga Dubai.

Haka lissafin sola. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faifai, a ma'aunin zafi 25 aka auna shi. Rufin kwano a Wagadugu cikin watan Afrilu, lokacin da inuwa ma ke haura 40, wata duniya ce dabam, kuma faifai yana rage bayarwa in ya yi zafi, ƙurar hunturu ta ƙara rage shi, batir mai ruwa kuma zafi na cin kwanansa. Na'ura tana iya sanin wannan a dunƙule, amma ba ta san cewa batir ɗin da ke kasuwa wanda aka rubuta wa lamba babba, cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Wannan sai wanda ya ɗaga shi ya ji nauyinsa a hannu. Don haka nake cewa mitar awon nan da ke rataye a wuyanka ita ce shaidar da ake tabbatar da ruwaya da ita. Na'ura ta ce kwandansa ce ta mutu. Madalla, ɗora mita. Ta ce babu sauran wuta a ciki tunda an zare daga bango. Kada ka yarda, gama babbar kwandansa tana riƙe wutar da za ta jefar da ƙato bayan an zare, sai ka sauke ta ka auna.

Akwai kuma hukuncin shari'a a kan wannan, wanda almajiran da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani a zauren malam suka sani. A mazhabar Imamu Malik, mai sana'a da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su inda mai kaya ba ya gani, shi ke da lamunin su in sun salwanta ko sun lalace, sai fa in ya kawo shaida cewa ba da sakacinsa ba ne. Malamai suka ce an yi haka ne don maslahar jama'a, domin mutane ba su da makawa sai sun ba da kayansu. To, in ka bi maganar na'ura ka ƙone talabijin ɗin Hajiya, ba za ka je gaban liman ko sarkin Zango ka ce kwamfutar Amurka ce ta ce ba. Kamfanonin da suka yi ta ma sun rubuta a ƙasan shafinsu cewa tana iya kuskure. Ladan aiki kai za ka karɓa, lamuni ma a wuyanka yake.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma a nan nake roƙon iyayen gida masu yara a rumfa su ƙara kusantar da kunne. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya yi bayani mai tsawo cewa sana'a malaka ce, wato hali ne da ke kafuwa a jikin mutum ta hanyar maimaita aiki a gaban malami har ya zauna daram, kuma gwargwadon ƙwarewar malamin, gwargwadon abin da zai zauna a jikin almajirin. Yadda yaro ke samun wannan malaka a rumfunanmu kowa ya sani. Shekarar farko shara ce da aike da kwance sukurori. Daga nan maigida ya tura masa matacciyar rediyo ya ce, "Nemo mini abin da ke damunta." Yaro ya wuni yana bin layi da mita, ya dawo ya ce, "Maigida, ban gani ba." A ce masa, "Koma, ɗana, ba ka duba ba tukuna." A cikin wannan wuni na wahala, wanda a ido kamar ɓarnar lokaci ne, a nan ne yaron ke koyon yadda wuta ke tafiya, daga ina ta shigo, ina ta ratsa, ina ta tsaya. In kuwa tun ranar farko ya zaro salula ya ɗauki hoto aka gaya masa canja kaza, ya canja, rediyo ta yi magana, to rediyo ta gyaru amma yaro bai gyaru ba. Zai yi shekara biyar yana cin nasara a kan abin da na'ura ta sani, ranar da aka kawo abin da ba ta sani ba, ko ranar da aka aike shi ƙauye inda babu intanet, sai a iske rumfa cike da kayan aiki babu mai aiki. Ban ce a ƙwace wa yara salula ba, gama wanda ya hana ɗansa abin zamaninsa ya yi masa gorin da duniya za ta ƙarasa. Abin da na ga ya dace shi ne maigida ya sa sharaɗi: ka fara aunawa, ka gaya mini zatonka da hujjarka, sa'an nan mu tambayi na'ura tare mu ga wa ya dace. In ta saɓa maka, mita ta raba gardama.

Wata barazanar kuma ba daga basirar na'ura take ba, daga niyyar masu ƙera kaya take. Kayan zamani suna ƙara zama a rufe: allo guda a shafe da danƙo, ba a gyara sai a canja, wasu kamfanoni kuma, kamar yadda aka daɗe ana kuka da Apple, suna ɗaure kowane sashe da lambar sirri ta yadda in ka sa wani a madadinsa salular za ta yi ƙorafi ko ta rage aiki. In aka haɗa wannan da manhajar gano cuta wadda sai wakilin kamfani ke da mabuɗinta, mai rumfa ya zama ɗan kallo. Turawa da kansu sun farga: Faransa ta wajabta tun watan Janairu na 2021 a riƙa liƙa wa wasu kayan lantarki maki mai nuna sauƙin gyaransu, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024. Mu da kayan da suka gama yi wa wasu hidima ke ƙarasa rayuwarsu a hannunmu, mun fi su buƙatar wannan magana ta shiga bakin ƙungiyoyin masu sana'a da na hukuma.

A birnin nan akwai masu ilimin wannan fanni, a jami'ar Joseph Ki-Zerbo, da cibiyar 2iE mai horar da injiniyoyin ruwa da makamashi, da sauran makarantun fasaha. Abin da ba su da shi yana rumfunanku. Wace irin fanka ce ke ƙonewa duk bazara, wane inbata ne ba ya jure dawowar wuta, wane sashe ne ƙura ke kashewa kafin lokacinsa, wannan ilimi ba a rubuta shi da Faransanci ba balle Hausa ko Mosanci, shi ya sa na'ura ba ta san shi ba, kuma in ka yi mata Hausa ma sai ka ji harshenta na karyewa kamar na baƙon da ya kwana biyu a gari. Na san wani dattijo mai naɗin inji, Allah ya ƙara masa lafiya, wanda ke da littattafan makaranta guda bakwai a cikin akwatin ƙarfe, ya rubuta a ciki da ajami kowane inji da ya taɓa buɗewa: kaurin waya, yawan zagaye, abin da ya kashe shi, da watan da aka kawo shi. Da aka tashi unguwa, kafin katifa wannan akwati ya fara ɗorawa a amalanke. Jikansa, wanda ke karatun lantarki, ya fara ɗaukar hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya yana juya su zuwa boko, kuma da na tambayi tsohon ko bai ji tsoron a sace masa sirri ba, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, su karanta mana. In sun gama su zo in ba su waya su naɗa mu gani."

Lokacin da aka ɗiba mana ya cika. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna da masu kafa sola a kan batir mai ruwa da na litiyom, da dalilin da ya sa cajar ɗaya ba ta dace da ɗaya ba. Wanda ke da tambaya ya aiko tun kafin ranar Laraba.